Tsakanin Nagatif da Memori: Wane Hoto Ne Zai Kai ga Jikoki?

A shekarar 1991 an yi wani baje kolin fasahar Afirka a birnin New York na Amurka. Cikin abin da aka rataye a bango akwai wasu hotuna marasa kala na mutanen Bamako, aka rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Hotunan suka tsaya wa wani attajiri mai tara kayan fasaha, Jean Pigozzi, a rai, har ya tashi André Magnin takanas zuwa Mali ya nemo mai su. A Bamako aka nuna wa Malick Sidibé, shi ma mai hoto ne, yana gani ya gane hannun. Aikin Seydou Keïta ne, dattijon da ya buɗe shagon hoto a 1948, ya yi tashe, sannan ya bar shagon a farkon shekarun 1960 da gwamnati ta ɗauke shi aiki. Da aka je wurinsa sai aka tarar yana nan da dubban nagatif a killace, wato baƙin fim ɗin nan da ake wanke hoto daga jikinsa.

Wasunsu sun shekara 30 a ajiye, wasu 40. Ba su ci wutar lantarki ba, ba a biya musu kuɗin wata ba, ba a sabunta musu komai ba. Da aka sake wanke su manya-manya sai ga komai raɗau: ɗaurin ɗankwalin mata, zanen atamfa ɗigo-ɗigo, wannan saurayi ya dafa rediyo, wancan ya jingina da babur ɗin Vespa, kayan da shagon ke ara wa mai son ya fito fes. Nagatif ɗin Keïta manya ne, santimita 13 da 18, shi ya sa ba abin da ya ɓace musu. A 2016, shekara 15 bayan rasuwarsa, aka baje hotunan a zauren Grand Palais da ke birnin Paris.

To, a ɗauki wayar da ke hannunmu yau a jefa a akwati a rufe, a dawo bayan shekara 30. Batiri ya mutu, cajar irinta ta ɓace a kasuwa, mai ita ya manta lambar buɗewa ko shi kansa ba ya duniya. Ko an samu ta kunnu, ba tabbas abin da ke ciki ya tsira. Muna ɗaukar hoto a rana ɗaya fiye da yadda kakanninmu suka ɗauka tsawon rayuwarsu, amma ina tsoron jikokinmu su tashi da ƙarancin hotonmu fiye da yadda muka tashi da na magabata.

Dalilin yana cikin yadda fim da waya kowannensu yake riƙe hoto. Fim leda ce da aka shafe da wani danƙo da ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi, a cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin sinadarin azurfa masu jin haske. Idan aka danna kyamara, haske ya faɗa kan ledar, ƙwayoyin da ya taɓa sai su canza. A ɗakin wanki, ruwan magani na farko yana mayar da su azurfa zalla, baƙa, na biyu kuma ya wanke ragowar da haske bai taɓa ba. Abin da ya rage shi ne hoton kansa, a jikin ledar, fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Duk wanda ya ɗaga shi ga hasken taga zai ga mutum tsaye, zai ga hula, zai ga doki. Idan ya karce a gefe, gefen ne kawai ya lalace.

Hoton waya ba haka yake ba. Babu wani hoto a cikin memori, jerin lambobi ne kawai, sai manhaja ta karanta su ta zana hoton a fuskar waya duk lokacin da aka buɗe. Injiniyan da ya fara haɗa kyamarar dijital, mai ajiye hoto a lambobi, Steven Sasson, a kamfanin fim na Kodak yake aiki, a 1975. Kyamararsa ɗigo 10,000 kacal take ɗauka, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kan kaset. Tun daga ranar, hoton dijital yana dogaro da abu uku a lokaci guda: ma'ajiyar ta kasance lafiya, a samu na'urar da za ta karanta ta, a samu manhajar da ta fahimci tsarin lambobin. Ɗaya ya faɗi, an rasa duka. Turawan Ingila sun ɗanɗana wannan. A 1986 BBC ta tattara hotuna da taswirori da bayanan rayuwar ƙasar a kan wasu manyan faya-fayan lesa, don cikar shekara 900 da rubuta littafin ƙidayar filaye na 1086. Kafin a yi shekara 20, na'urorin da ke karanta faya-fayan sun kusa ƙarewa, sai da masana suka sha fama kafin su ceto abin da ke ciki. Littafin 1086 kuwa, da aka rubuta da tawada a kan fata, yana nan ana karanta shi a gidan adana tarihi da ke Landan.

Hoton dijital kiwo ne. Ranar da aka daina kula da shi, ranar ya fara ramewa. Katin memori da filash suna riƙe bayani ne ta hanyar tsare ɗan cajin lantarki a cikin ƙananan gurabe, cajin nan kuwa yana zurarewa a hankali idan an daɗe ba a jona su ba, kuma zafi yana ƙara masa sauri. Faifan ajiya na kwamfuta, irin mai juyawa, faɗuwa ɗaya daga kan tebur na iya gamawa da shi. Faifan CD da aka yi yayin zuba hotunan biki a kai, rinin da ke cikinsa yana lalacewa, kuma yawancin sababbin kwamfutoci ba su da ma wurin saka shi. Ga kuma jabun memori da ke yawo a kasuwa. An rubuta giga 64 a jikinsa, waya ma ta nuna 64, alhali ainihin cikinsa bai kai ko kusa ba. Waya za ta yi ta zuba hoto ba tare da ta yi ƙorafi ba, abin da ya wuce ainihin girman katin yana lalacewa ko yana danne na baya. Mai shi ba zai sani ba sai ranar da ya je neman hoton sunan ɗansa, ya tarar rabin hoton toka-toka ne, sauran kuma sun ƙi buɗuwa.

Za a ce ai yanzu akwai rumbun intanet, hoto yana hawa Google Photos ko iCloud da kansa. Gaskiya ne, kuma wannan ya ceci mutane da yawa. Sai dai rumbun nan kwamfutocin wani kamfani ne, shi ke kafa sharaɗi, shi ke canza shi. A watan Maris na 2019 shafin sada zumunta na MySpace ya amsa cewa wajen sauya kwamfutocinsa ya rasa waƙoƙi da hotuna da bidiyon da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015. Flickr, shafin ajiyar hotuna wanda a da yake ba kowa wuri mai yawa kyauta, ya taƙaita asusun kyauta zuwa hoto 1,000, ya kuma sanar cewa daga 2019 zai share abin da ya haura. Google ya daina ajiyar hoto kyauta mara iyaka a ranar 1 ga Yuni 2021, yanzu giga 15 ne ake rabawa tsakanin hotuna da saƙonnin Gmail da sauran fayiloli, kuma idan ya cika sababbin hotuna sun daina hawa. Daga Disamba 2023 kuma kamfanin ya ce yana iya share asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi damuna, domin asusun da ya fi saurin yin shiru shi ne na mamaci, kuma hotunan mamaci su ne waɗanda iyali suka fi buƙata.

A wajenmu ma ba nan gizo ke saƙar ba. Mutum ya sayi waya, yaron shago ya buɗe masa Gmail, ya rubuta masa kalmar sirri a jikin kwalin wayar ko a wata guntuwar takarda. Shekara ta zagayo, kwali ya bi shara. Ranar da aka ƙwace wayar, ko ta faɗa ruwa, ko mai gyara ya ce sai an yi mata filashin, sai a tashi neman shiga asusun. Za a ce an tura lamba zuwa layin da aka yi rajista da shi, layin kuwa ya tafi da wayar, ko an daɗe da daina amfani da shi har kamfani ya ba wani. Hotunan suna nan lafiya lau a kwamfutar kamfani a wata ƙasa, mai su yana nan da ransa, amma tsakaninsu an rufe ƙofa.

Akwai kuma kuskuren da ko masu ilimin na'ura suna faɗawa ciki. Aikin waɗannan manhajoji shi ne daidaita abin da ke waya da abin da ke rumbu su zama ɗaya. Idan mutum ya shiga manhajar ya goge hoto don ya samu wuri, a can rumbun ma ya gogu. Zai ɗan zauna a kwandon shara na wasu makonni, daga nan sai dai labari. Kwafin da ke bin umarnin na asali ba ajiyar ko-ta-kwana ba ne. Haka WhatsApp da Facebook, waɗanda da yawa suke ɗauka ma'ajiya: suna matse hoto su rage masa nauyi kafin su tura. A fuskar waya ba a ganewa, sai an kai wanki a ce a yi shi babba, sai fuska ta fito dishi-dishi. Wanda ke son tura hoto da cikakken ingancinsa a WhatsApp sai ya tura shi a matsayin fayil.

Duk da haka, kada a ɗauka fim ba ya mutuwa. Babban rauninsa shi ne guda ɗaya ne tak. Jacques Lowe, mai ɗaukar hoton shugaban Amurka John Kennedy da iyalinsa, ya ɗauki nagatif ɗinsa wajen 40,000 da muhimmanci har ya kai su ma'ajiyar banki a Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke New York. Ya rasu a watan Mayu na 2001. Ranar 11 ga Satumba na shekarar aka kai harin da ya rushe gine-ginen, nagatif ɗin suka ƙone ƙurmus. Abin da ya tsira sai ƙananan hotunan gwaji da waɗanda aka riga aka wanke, domin su a wani wuri dabam suke. Ya nemi wuri mafi tsaro da hankali zai iya kawowa, amma wuri ɗaya ne.

Ita ma ledar tana tsufa. Fim na farko-farko, na sinadarin naitiret, yana kama wuta cikin sauƙi, shi ya sa aka daina yin sa a farkon shekarun 1950. Wanda ya gaje shi, na asitet, idan zafi da laima suka haɗu masa sai ya fara ruɓewa, ya riƙa warin tsami irin na ruwan khal, ya motse, ya lanƙwashe, kuma tururin da yake fitarwa yana hanzarta lalacewar na kusa da shi. Hoto mai kala kuwa ba azurfa ke riƙe shi ba, rini ne kala uku, kuma ba sa koɗewa tare. Shi ya sa hotunan bikin iyayenmu na shekarun 1970 da 1980 suka koma ja-ja ko ɗorawa-ɗorawa, alhali marasa kala na kakanni, da suka girme su, suna nan da kyansu. Manyan ma'ajiyoyi sun san haka, shi ya sa tarin hotunan Bettmann, mai miliyoyin hotuna, aka kwashe shi zuwa wani tsohon ramin haƙar dutse a jihar Pennsylvania, ana ajiye da shi cikin sanyi. Mu kuwa ga zafin bazara, ga laimar damina da ke kawo fumfuna, ga ƙurar hunturu, ga gara da ba ta raina takarda. Ga ambaliya irin wadda ta auka wa Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Ruwa irin wannan bai san bambancin albam da kwamfuta ba idan a ɗaki ɗaya ya same su.

A nan ne dijital ya yi wa fim fintinkau. Duk kwafin da aka yi daga nagatif yana rage inganci, amma fayil ana iya kwafarsa sau dubu, na dubun daidai yake da na farko, kuma a tura shi wata nahiya cikin minti ɗaya. Ƙarfinsa ke nan, kuma shi ne muke barin sa a banza idan muka bar hoto a waya ɗaya. Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yaɗa wata ƙa'ida da ake kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam da gidanka. Ga mai ƙaramin ƙarfi ba sai an sayi kayan tsada ba. Wanda ke waya ɗaya ke nan. Na biyu a faifan ajiya ko filash mai kyau da ba ya zama a jone. Na uku a rumbun intanet, ko a wani filash ɗin a gidan ɗan'uwa a wata unguwa. Abin da ake yawan tsallakewa shi ne dubawa: lokaci-lokaci a jona, a buɗe hotuna a ga suna buɗuwa, bayan 'yan shekaru kuma a kwashe zuwa sabuwar ma'ajiya tun tsohuwar ba ta gaza ba. A bar hotuna a tsarin JPEG, wanda kusan kowace na'ura ke karantawa tun shekarun 1990. A rubuta adireshin asusu da kalmar sirri a littafi, a ajiye tare da takardun gida da na gona, yadda magada za su same su. Google da Apple duk suna da tsarin da mutum zai sanya sunan wanda zai karɓi bayanansa bayan ransa, 'yan mintuna ne aikin.

Sannan a wanke hoto. Vint Cerf, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina intanet ɗin kanta, a 2015 ya yi gargaɗin cewa wannan ƙarni na iya zama wanda tarihinsa zai ɓace saboda na'urori da manhajoji suna shuɗewa, ya kuma ba mutane shawara su wanke hotunan da suka damu da su. Ba dubu biyar ɗin da ke waya ba. A zaɓi ashirin ko talatin a shekara. A juya baya a rubuta da fensir, ko a rubuta a gefen shafin albam: wane ne, ɗan wane ne, a ina, wace shekara. Wannan rubutun rabin darajar hoton ne, domin gidaje da yawa suna da hoton wani dattijo mai rawani da ba sauran wanda zai iya faɗin sunansa. Kada a yi wa tsohon hoto laminatin, zafi da gam ɗin suna cutar da shi kuma ba a iya cirewa. A guji albam mai shafi mai danƙo. A ajiye a ɗakin da ya fi sanyi da bushewa, sama da ƙasa, nesa da bangon da ke jiƙa.

Ba ina kiran mutane su koma kyamarar fim ba ne. Fim ya yi tsada, masu wanke shi sun yi ƙaranci ƙwarai a garuruwanmu, kuma waya ta ba talaka abin da a da sai ranar sallah yake samu. Amma fim bai mutu ba kamar yadda aka zata lokacin da aka daina yin fim mai kala na Kodachrome a 2009, Kodak kuma ya nemi kariyar kotu saboda bashi a Janairun 2012. A 2018 kamfanin ya dawo da fim ɗin Ektachrome, a 2024 kuma aka fito da sabuwar kyamarar fim, Pentax 17. Wani ɓangare na wannan yayi ne na matasa, amma akwai abin da ya wuce yayi. Nadin fim hoto 24 ko 36 yake ɗauka, kowane dannawa kuɗi ne, don haka mai ɗauka yana tsayawa ya duba kafin ya danna, kuma abin da ya fito kaɗan ne da za a iya ajiyewa a san inda yake. Tarin hoto dubu goma da ba a tantance ba, rabinsa hoton rasit da saƙon barka da Juma'a, ko ya tsira ba wanda zai zauna ya tone shi.

Akwai kuma batun shaida. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke iya haɗa hoton abin da bai taɓa faruwa ba, nagatif ya samu wata sabuwar daraja. Ba wai ba a iya maguɗi da fim ba, an daɗe ana goge mutane daga hotuna tun kafin kwamfuta. Amma nagatif abu ne da ya kasance a wurin a lokacin, hasken da ya taso daga fuskar mutumin shi ya taɓa shi. A jikin zirin akwai lambobi a gefe, akwai hoton da aka ɗauka kafin wannan da wanda ya biyo baya, akwai nau'in ledar da ke nuna zamaninta. Yin jabun duk wannan ya fi wuya nesa ba kusa ba. Masu adana bayanai ma sun koma ga fim ta wata hanya. A tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, cikin wani tsohon ramin kwal, an buɗe wata ma'ajiya a 2017 inda kamfanin Piql ke rubuta bayanan dijital a kan fim mara kala, tare da bayanin yadda za a karanta su wanda ido zai iya gani a jikin fim ɗin. A 2020 GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ya kai tarin manhajoji can.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne nagatif ɗin tsofaffin shagunan hoto na garuruwanmu. Masu su sun ɗauki hawan sallah, naɗin sarauta, 'yan makaranta, maniyyata, amare, 'yan kasuwa, tsawon shekaru. Yawanci mai hoto ne ke riƙe nagatif, abokin ciniki ya tafi da wankakke. Da sana'ar ta koma dijital, kwalayen nan sun zama kaya masu cin wuri. Inda aka kula da su an ga amfaninsu. Hotunan Philippe Koudjina sun adana yadda rayuwar Yamai take a shekarun 1960 da 1970. J.D. 'Okhai Ojeikere ya bar hotunan kitson matan Najeriya kusan 1,000 da ya fara ɗauka a 1968. Tarin Solomon Alonge, mai hoton fadar Oba na birnin Benin a Najeriya, har da nagatif na gilashi, yana gidan tarihin fasahar Afirka na Smithsonian a Washington tun 2009. An kula da shi da kyau a can, amma ɗan Benin da ke son taɓa asalin sai ya nemi biza.

Muna da wuraren da suka dace da wannan aiki: Arewa House da gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, Gidan Makama a Kano, sassan tarihi na jami'o'inmu, da fadojin sarakuna. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin jiha ɗaya ko attajiri ɗaya ba: ɗaki mai sanyi da bushewa, na'urar sikanin mai karanta nagatif, ambulan marasa sinadarin tsami, yarjejeniya ta adalci da magadan mai hoto, da ma'aikaci da zai zauna da dattawan unguwa yana nuna musu fuska suna faɗin suna. A yi sikanin, a yi kwafi uku, a kuma riƙe nagatif ɗin, kada a zubar da shi don an ce an riga an kwafa, domin na'urar sikanin ta gaba za ta ciro daga jikinsa abin da ta yau ba ta gani ba. Fim ɗin asitet da aka ɗauka a shekarun 1960 ya riga ya kai shekarun da yake fara warin tsami a irin zafinmu, waɗanda za su iya gane mutanen da ke ciki kuma sun haura shekara 70.